Bayanin taro a kalandar shafi: taga mai faɗowa, akwati a cikin shafi, ko kowane taro da shafinsa?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa na ga tambayarka tun jiya da daddare, na bari ne sai na samu natsuwa don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba, ya ce ya haɗa wa ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarsu shafin intanet mai kalandar taruka, idan ka danna rana sai wata 'yar taga ta daban ta buɗe ta nuna maka wurin taro da lokaci da wanda zai yi jawabi, a laftof ɗinsa komai lafiya lau amma 'yan ƙungiya suna ta ƙorafin wai suna dannawa ba abin da ke fitowa. Shi ne yake tambaya ko ya rubuta sanarwa a saman shafin kowa ya je ya kashe abin da ke toshe tagar, ko kuma akwai wata hanya.

Dan Allah kar ka sa wannan sanarwar. Ka tuna su waye 'yan ƙungiyar nan, akwai ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ke duba waya tsakanin ciniki da ciniki, akwai Hajiya da jikanta ne ya saita mata wayar, ka ce musu su shiga saitin Chrome su nemo saitin shafuka su nemo inda ake ba da izini sannan su dawo su sake lodawa? Wallahi ba za su yi ba, rufewa za su yi su kira sakatare a waya su tambaye shi ƙarfe nawa ne taron. Kuma ko sun yarda sun yi, ka sa su sun buɗe ƙofar da ke kare su daga tallan caca da shafukan 'yan damfara saboda taron awa biyu, wannan ni a wurina bai dace ba ko kaɗan.

Dalilin da ya sa naka yake aiki nasu ba ya yi, ina ga ɗayan biyu ne. Ko dai ka taɓa ba shafin izini a burauzarka lokacin da kake gwaji ka manta, ko kuma matsalar jira ce. Ƙa'idar da burauzoji suke bi ita ce window.open, wato umarnin da ke buɗe sabuwar taga, tana wucewa ne idan ta biyo bayan dannawar mutum kai tsaye, cikin 'yan daƙiƙu kaɗan. To idan kod ɗinka sai ya fara zuwa saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan shafin, ya ɗauko bayanin taron kafin ya buɗe tagar, kai da kake kan waifai abin ƙiftawar ido ne, amma wanda netwok ɗinsa ke jan ƙafa kafin amsa ta dawo lokacin ya wuce, burauza sai ta ɗauka shafin ne yake son buɗe taga da kansa ta danne shi. Safari na iPhone ma ya fi tsanani a nan. Kuma ba sabon abu ba ne, tun ƙarshen shekarun 1990 masu talla suka ɓata sunan irin wannan tagar, har Ethan Zuckerman da ya rubuta kod ɗin irinta lokacin yana aiki a kamfanin intanet na Tripod ya fito a 2014 ya ba duniya haƙuri, kuma tun 2004 Internet Explorer ya fara toshe su, Firefox ma da abin toshewarsa ya fito a shekarar. Ka ga kana riƙe ne da abin da ya haura shekara 20 ana yaƙarsa.

To bari in jera maka hanyoyi ukun da ke gabanka mu gani.

Ta farko ita ce wadda kake kai yanzu, taga ta daban. Amfaninta ɗaya ne da na sani, mutum a kwamfuta zai iya ajiye ta gefe yana kallon kalandar a lokaci guda. A waya kuwa babu wani gefe, sabon shafi ne kawai zai buɗe in ma ya buɗe, kuma wanda ya shigo ta cikin Facebook ko Instagram ba ma a Chrome yake ba, yana cikin 'yar burauzar manhajar ne wadda ba lallai ta yi abin da kake tsammani ba. In dole sai ka bar ta na ɗan lokaci, aƙalla ka sani window.open tana dawo da null, wato ba komai, idan an toshe ta, sai ka duba hakan ka tura mutumin zuwa bayanin a cikin shafin da yake. Faci ne dai kafin a ɗinka sabuwa.

Ta biyu akwati ne da ke fitowa a kan kalandar amma a cikin shafin, ba wata sabuwar taga. A ido kamar ɗaya suke da ta farko shi ya sa mutane ke rikita su, amma a wurin burauza sun sha bamban, wannan wani ɓangare ne na shafin don haka mai toshe taga ba ruwansa da shi. Yanzu ma an sauƙaƙa, akwai akwati da aka riga aka gina mai suna dialog a cikin HTML kansa, wato harshen da ake gina shafuka da shi, Chrome ya daɗe da shi, Firefox da Safari suka karɓe shi a Maris 2022, idan ka buɗe shi da umarnin showModal shi zai riƙe mai amfani da kibod a cikin akwatin kuma maɓallin Esc ya rufe shi, abubuwan da da sai ka zauna ka rubuta da hannu. Yana da kyau, yana da sauri, mutum zai leƙa taro uku huɗu bai bar kalandar ba. Amma fa yana da nasa. Ba shi da adireshi, wato sakatare ba zai iya ɗauko taron walimar ranar Asabar shi kaɗai ya jefa a guruf ɗin WhatsApp ba, sai dai ya tura kalandar gaba ɗaya ya ce ku shiga ku nemo, ko ya yi sikirinshot, kuma ranar da aka canza wurin taro wannan sikirinshot ɗin zai ci gaba da yawo da tsohon bayani ba mai iya janye shi. Sannan ya dogara kacokan a kan JavaScript, wato kod ɗin da ke aiki a cikin burauza, mai amfani da Opera Mini a yanayin matse data sosai shafin a sabar Opera ake sarrafa shi kafin ya iso wayarsa, irin waɗannan akwatunan sukan ƙi aiki a can. Kuma in ba dialog ka yi amfani da shi ba, da div ka haɗa akwatin da hannu, mutum zai danna maɓallin komawa baya na Android da niyyar rufe shi sai ya tsinci kansa a wajen kalandar gaba ɗaya. Wani ƙaramin abu kuma, kar ka sa wa akwatin suna mai kama da na talla a cikin kod, masu toshe talla irin su uBlock Origin da sunaye suke gane wasu abubuwan su ɓoye.

Ta uku ita ce tsohuwar hanya, kuma ita nake so ka ɗauka: kowane taro ya samu shafinsa da adireshinsa, sunan taron a kalanda ya zama mahaɗi na yau da kullum, a href kawai. Babu burauzar da ke toshe wannan, daga kwamfutar ofis har ƙaramar itel, ko JavaScript ya mutu zai buɗe. Maɓallin komawa baya yana yin abin da kowa ya saba. Ana iya tura shi a WhatsApp, in ka cika layukan take da bayani da hoto a kod ɗin shafin, wato og:title da og:description da og:image, sai ya fito da sunan taron da hotonsa tun kafin a danna, kuma in wuri ya canza gyara ɗaya za ka yi duk wanda ya buɗe tsohon saƙon sabon bayani zai gani. Google ma a ƙa'idarsa ta nuna taruka a sakamakon bincike cewa ya yi kowane taro sai da adireshinsa na kansa. Abin da za ka rasa shi ne 'yar saurin nan, sai an loda sabon shafi, amma shafin da rubutu ne zalla da hoto ɗaya mara nauyi ai ba wata data zai ci ba.

Akwai kuma waɗanda muke yawan mantawa da su, 'yan'uwanmu makafi da masu raunin gani da ke amfani da TalkBack a Android ko VoiceOver a iPhone, wayar ce ke karanta musu abin da ke sikirin. Taga ta buɗe a wani wuri ba sanarwa, ko akwatin da aka haɗa ba a kai su cikinsa ba, sai mutum ya yi ta shafa waya bai san wani abu ya fito ba. Shafi mai take da rubutu a jere shi ne mafi sauƙi gare su nesa ba kusa ba. Saboda su ne ma nake roƙonka kar ka ɗora fosta kaɗai ka ce ai bayanin yana ciki, a wurin wanda ba ya gani hoto shiru ne, ka rubuta komai da rubutu ko da fostar tana nan. Haka bayanin da sai an ɗora maus a kai yake fitowa, wanda ke kan waya ba shi da maus.

Abin daɗin shi ne ta biyu da ta uku ba kishiyoyi ba ne. Ka fara gina shafukan, ka sa mahaɗin, sannan in kana son kwalliyar akwatin ka sa JavaScript ya tare dannawar da umarnin preventDefault ya nuna taƙaitaccen bayani a dialog tare da mahaɗin cikakken bayani a ƙasa. Wanda wayarsa ta iya ya ga akwati, wanda tasa ba ta iya ba mahaɗin ya kai shi shafin, ba wanda ya tashi a tutar babu. In da FullCalendar kake aiki, wato shiryayyen kod na haɗa kalanda, kowane taro yana karɓar url, wato adireshin shafinsa, ka cika shi. In da WordPress ka gina shafin, ƙarin da ake sa masa mai suna The Events Calendar da kansa yake ba kowane taro shafi. In kuma tarukanku ba su wuce biyar shida a wata ba, ni da zan ba ka shawara ma ka ajiye zanen kalandar mai gida-gida a waya, gidajen sun yi ƙanƙanta yatsa ba ya samun su daidai, ka jera tarukan daga sama zuwa ƙasa da alamomin HTML na details da summary, a danna ya buɗe a wurin ba JavaScript ko layi ɗaya, burauzar da ba ta san shi ba kuma sai ta nuna bayanin duka a buɗe.

A shafin taron ka rubuta rana da kwanan wata cikakke, in kun saba haɗawa da na Hijira ka haɗa, kuma kar ka tsaya a "bayan La'asar" kawai, ka sa ƙarfe nawa. Wurin ma ka kwatanta shi yadda muke kwatance, kusa da wane masallaci ko wane gidan mai. Ka ƙara maɓallin saka taron a kalandar waya, fayil ɗin .ics ne, tsari ne da Google Calendar da Outlook da kalandar iPhone duk suka sani, kuma in taron na Zoom ne yana da muhimmanci sosai don shi zai juya lokacin da kansa matuƙar ka saka yankin lokaci daidai, ƙarfe 4 na yamma a Kano ko Maraɗi ƙarfe 3 ne a Kumasi, ƙarfe 6 a Jidda, kuma ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da wuya a rasa wanda ke zaune waje.

In ka gama kar ka gwada a laftof ɗinka. Ka ari wayar wani da bai taɓa buɗe shafin ba, ka kashe waifai ka hau data, ka tura wa kanka adireshin ta WhatsApp da ta Facebook ka buɗe daga can, ka gwada a Opera Mini, sannan ka kunna TalkBack na minti biyar ka ji yadda take karanta shafin. In wani wuri ya maƙale ka turo kod ɗin da ke buɗe tagar nan mu duba tare, layin da ke ɗauko bayanin daga saba nake son fara gani.