Yoyon man sitiyari: a sake sil ko a ɗora rak ɗin tokumbo?

Wa'alaikumus salam Malam. Ka yi tambaya kan man sitiyarin motarka da yake yoyo. Tsakanin zaɓi biyun da bakanikenka ya ba ka, wato a kwance rak ɗin (sandar sitiyari da ke karkata tayoyin gaba) EOD ɗinka, Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, a sake masa sil (robar da ke hana mai fita) ko kuma a ɗauko na tokumbo, na hannu da aka shigo da shi daga waje, a ɗora, ni dai na farkon zan ce ka bi, amma da sharaɗi. Kuma tun kafin a kai ga nan ina so ka tabbatar rak ɗin ne ma yake yoyon, don wallahi ba ƙaramin haushi nake ji ba in na ga an sa mutum ya kashe kuɗin rak alhali tiyo ne ya tsage ko kilip ya saki.

Ka kai motar a wanke mata inji sama da ƙasa, ka bari ta bushe, ka cika gorar man sitiyari zuwa layin sama, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, sai a tayar wani ya riƙa juya sitiyari hagu da dama kai kuma kana leƙawa da tocila. Mai gangarowa yake yi, saboda haka inda ya ɗiga ba lallai nan ne inda ya fito ba, ka bi jiƙon har zuwa wuri mafi sama. Wuraren ba su da yawa: babban tiyon da ya taso daga famfo zuwa rak (galibi daidai inda aka matse roba da ƙarfe yake fara gumi), ƙaramin tiyon da ke mayar da mai cikin gora, bayan fulin famfo, sai rak ɗin kansa. Na rak ɗin gane shi ba wuya. Akwai robar nan mai kama da zugazugin maƙera a kowane gefe kusa da taya, ka sa a sassauta kilip ɗinta, in mai ya zubo to sil ɗin ciki ya tafi. Robar nan ƙura da ruwa kawai take tarewa, bai kamata a samu mai a cikinta ba, don haka duk wanda ya ce a canza ta yoyo zai tsaya bai faɗa maka gaskiya ba.

Sannan Accord ta 2003 zuwa 2007 tana da wata lalura da kowa ya sani, ɗan o-rin (zoben roba) da ke bakin famfo inda mai yake shiga. In ya bushe sai famfo ya dinga zuƙar iska, ka ji tana kuka da sassafe musamman lokacin hunturu, ka buɗe gora ka ga man ya yi kumfa har wani lokaci ya amayo ta murfi ya jiƙe wurin kamar yoyo. Abin da bai fi zoben yatsa ba.

To in ya tabbata rak ne. Irin motarka nake hawa, ta 2004, kuma lokacin da nawa ya fara cika robar hagu da mai wani dattijon bakanike na kai wa a wajen Kakuri a Kaduna. Bai ce min komai ba sai da ya sauke shi, ya shimfiɗa buhu mai tsabta, ya zaro sandar ciki ya wanke, sannan ya kira ni ya ce Alhaji kawo hannunka, ya sa na bi jikin sandar da farce daga wannan kai zuwa wancan. Sumul, ba tsatsa ba rami. Ya ce to wannan zai karɓi sil, da farcenka ya maƙale ko sau ɗaya da na ce ka nemo wani. Ya nuna min tsohon sil ɗin, ya ƙandare, yana lanƙwasa shi ya tsage. Ya sa sababbi da sababbin robobi, ya wanke gorar saboda akwai 'yar raga a gindinta da datti ke toshewa, aka mayar. Har yau ina shiga lungunan Rigasa da ita damina da rani, bakin gareji na a bushe yake. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri.

Sharaɗin ke nan, sandar ciki. In robar ta daɗe a yage ruwan damina da ƙurar hunturu sun shiga sun ci ƙarfen, sabon sil ba zai daɗe ba, tsatsar za ta yanka shi ka dawo gidan jiya. Haka in sandar ta lanƙwashe saboda faɗa wa rami, ko haƙoran sun cinye sitiyari yana wasa. Kuma aikin yana son mai haƙuri da tsabta, ba wanda zai kwance shi a kan turɓaya ba.

Tokumbo kam sai in dole. Na taɓa sa shi a wata motar, bai kai ko'ina ba ya fara ɗiga. Ka lissafa mana, an daina ƙera wannan samfurin tun 2007, ke nan duk rak ɗin da za a miƙo maka sil ɗinsa sa'an naka ne, kuma ya yi ta zama a kwantena ba mai a cikinsa yana bushewa. Amfaninsa ɗaya, in sandarka ta lalace ba ka da wata hanya.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa. Akwai 'yan kasuwa marasa tsoron Allah da ke tattara rak ɗin da aka cire a motocin nan gida, su wanke da fetur su fesa baƙin fenti su sa sabuwar roba, su rantse maka yanzu aka sauke shi daga Beljiyam. In ka ga rak yana ƙyalli fiye da shekarunsa ka yi hattara. Ka sa a zame robar a gabanka, ka ɗora naka kusa da shi ka gwada kafa da kafa da bakin tiyo, ka tabbatar ba na mota mai sitiyarin dama ba ne, kuma a rubuta maka kwanakin garanti a jikin rasit, ba a baki ba. In gyaran naka za a yi ma ka sa masa alama da ƙusa a wani lungu, don ana fentin na mutum a sayar masa da abinsa. Masu amana suna nan da yawa a kasuwannin Oriyafata da Panteka na Kaduna, ka tafi da wanda ya san gari.

Wancan ruwan gwangwanin da ake cewa a zuba yoyo ya tsaya, kumbura roba kawai yake yi, zai iya rage ɗan gumi na wani lokaci amma ba ya ɗinke tiyon da ya tsage. Ban ba ka shawararsa ba.

Batun mai kuma don Allah ka kula. Tsofaffin Toyota irin su Camry da Corolla suna shan jan man giya na Dexron, shi ya sa yara a gareji suke zuba wa kowace mota. Honda nata daban ne, man sitiyarin Honda take so, jan nan yana lalata mata sil, kuma ba mamaki shi ya jawo maka wannan yoyon tun farko. Man birki kuwa ko kusa.

Saboda haka ka wanke, ka duba, in sanda sumul ce a sake sil. Bayan an mayar a ɗaga gaban motar a jak, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe inji a kashe har kumfa ta daina fitowa, sannan ka wuce wajen alaimen kai tsaye in ba haka ba tayoyin gaba za su cinye ta gefe ɗaya. Kafin ka samu kuɗin aikin kar ka bari gorar ta ƙafe ko da kullum za ka ƙara, famfo in ya yi gudu ba mai shi ma tafiya zai yi, kuma ka daina danne sitiyari a ƙarshe in kana juyawa. In kuwa ka ga man yana ɗiga kan salansa kana jin ƙauri, ajiye ta kawai har a gyara, yana iya kama wuta.