Waken azuki: dafawa ko tsirarwa?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tsakanin dafa waken azukin da kika samo da tsirar da shi, shawarata ita ce ki dafa, kuma na gwada duka biyun kafin na faɗi haka.

Na fara saninsa ne lokacin da muka zauna a birnin Osaka na ƙasar Japan, maigidana yana karatu. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta kawo mana shinkafa mai danƙo da aka dafa da shi ranar da aka sallamo ni daga asibiti bayan haihuwa, ta ce sunanta sekihan, kuma ita suke yi duk lokacin da abin farin ciki ya samu. Launinta ja-ja ne saboda ruwan waken, an barbaɗa mata baƙin riɗi da gishiri, ina kai loma ta farko garau-garau ya faɗo mini a rai. Ashe ba banza ba, domin azuki ɗan'uwan wakenmu ne na jini, dangi ɗaya suke a wurin masana tsirrai, har ma mutanen yankin Tokyo sukan yi wannan shinkafar da irin wakenmu saboda fatar azuki tana saurin fashewa a tukunya. Mafi yawan wanda ake nomawa a Japan daga tsibirin Hokkaido yake fitowa.

Dattijuwar nan ce ta koya mini yadda nake dafa shi har yau. Ba ta jiƙa shi, domin fatarsa tana da tauri, ruwa ba ya shiga sai ta ɗan gurbi kusa da farin layin da ke gefensa. Tana wanke shi ta ɗora da ruwan sanyi, idan ya tafasa na minti 5 ta zubar da ruwan, wannan ne ke fitar da baurin da ke cikinsa. Sai ta sake sabon ruwa, ta rage wuta, tana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan yadda ba zai bar saman waken ba, har kusan awa 1, sai ƙwaya ta murje tsakanin yatsu biyu ba tare da wani tauri a tsakiya ba. Idan mai zaƙi za ki yi, wanda suke kira anko suna cusawa cikin burodi, kada ki zuba sukari sai ya nuna lugub, domin idan kika riga kika zuba ba zai ƙara laushi ba. Ni ba na sa masa kanwa. Da shinkafa da mai da yaji nake ba yara, wani lokaci kuma na yi fatensa da kabewa da albasa.

Tsirarwa kuwa, na sayi kwalba mai murfin raga musamman dominta, na yi nadama. Sai kin jiƙa awa 12, kina ɗaurayewa sau 2 ko 3 kullum har kwana 4 ko 5, a ƙarshe ki tarar da wasu ƙwayoyin ba su sha ruwa ba, suna nan kamar tsakuwa a cikin sauran. A zafin Kano kuwa, da muka dawo, rana ɗaya na makara ɗauraya ya yi yauƙi da wari, na juye shi duka. In tsiro kike so, koren waken nan ƙanana da ake kira mung ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba. Kuma ko wanne ne kada ki ci shi ɗanye, musamman idan akwai mai ciki ko ƙananan yara a gidan, domin ɗumi da laimar da tsiro ke so su ne ƙwayoyin cuta ke so. A 2011 tsiron hulba ya jawo annobar da ta fara a Jamus ta kashe mutum fiye da 50, alhali gonar da ya fito ta noman oganik ce, wato noman da ba a amfani da takin zamani ko maganin ƙwari na zamani.

Sai ki yi hattara da masu sayarwa, don na taɓa faɗawa hannun wani. Ya ɗura ƙaramin jan wake na yau da kullum a leda, ya manna takarda ya rubuta oganik, ya ninka kuɗi. Azuki na gaskiya ya fi ƙwayar wakenmu ƙanƙanta, ja ne mai duhu da sheƙi, da farin layi siriri a gefe guda. Bambancin ba na kuɗi kaɗai ba ne, jan wake mai siffar ƙoda yana da guba idan bai dahu sosai ba, don haka tsirar da shi bisa kuskure haɗari ne. Kalmar oganik kuma ba ta tabbata da bakin mai shago, ki nemi tambarin hukumar da ta tantance a jikin ledar asali, kamar JAS ta Japan ko koren ganyen Tarayyar Turai. Mun dai san abin da wasu ke yi wa wake a rumbu, tunda a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari. Idan kin buɗe leda kika ji warin fiya-fiya, ki mayar masa da kayansa.

Ki fara da gwangwani 1 na waken da 2 na shinkafa, ki ajiye jan ruwan dahuwa ta biyu ki dafa shinkafar a cikinsa.