Zagayen bakin tabkin Madarunfa da ɗan rakiya, ga yadda na gan shi

Masu tambayata ko zuwa Madarunfa don tattaki ya cancanci kuɗin essence, amsa ita ce eh ya cancanta, amma sai in da sassafe za ka, kuma ka nemi ɗan gari ya shige maka gaba. Tabkin yana kudu da Maraɗi, kilomita 20 da ƴar ɗoriya, ko a kabu-kabu kana zuwa in bayanka na da ƙwari. Mu da mota munka je saboda kawuna da lokotoro ya ce ya riƙa taka ƙasa don tansiyo, shi ko ya ce ya gaji da zagayen unguwar Zariya yana shaƙar hayaƙin adaidaita.

Kar kowa ya ɗauka tabkin gaba ɗaya ake zagayewa, wannan aiki ne babba. Abin da ƴan rakiyan ke yi shi ne su ɗauke ka daga inda masunta ke ɗaure kwale-kwale, ku bi gaɓa, ku ratsa ta garake, ku ɗan shiga inuwar itatuwa sannan ku ɓullo inda kunka faro ta wata hanya daban. Ba ka maimaita inda ka taka, abin da ya hi burge ni kenan. Babu hawa babu gangara, rairayi ne da laka busassa, kawu mai shekara sittin da wani abu ya gama ba tare da ya nemi a tsaya ba sai wuri ɗaya, shi ma don ya ga itacen kuka ne yana son hoto. Yaro ɗan lakkol zai iya, mai goyo ma za ta iya in ba rana.

Wanda ya raka mu wani dattijo ne masunci, a bakin ruwa munka same shi yana gyaran koma. Na ce Baba ko za ka zagaya da mu, ya dubi takalman kawu ya ce Alhaji da wannan silifa za ka shiga ƙarangiya? Wallahi gaskiya ya hwaɗi, don ba mu yi nisa ba ƙasan wandona ya cika da ita, kana cirewa tana maƙale maka a yatsa. A sa takalmi rufaffe don Allah. Kuɗin rakiya babu tsayayyen farashi, ya ce abin da Allah ya hore, mun ba shi jikka biyu ya yi ta sa albarka.

Aikinsa kam ban da abin cewa. Ba mai surutun banza ba ne, sai ya ga abu yake magana. Ya nuna mana kirinjijiya sun taru can tsakiyar ruwa, da zalɓe tsaye da ƙahwa guda, balbela ko ba a magana, tana bin shanu har bakin gaɓa. Ya tsaya ƙarƙashin wani gawo ya ce wa kawu ka ga wanga, da damina in kowa ya yi kore shi zubar da ganye yake, sai rani ya shigo ya tohu, shi ya sa manomi ba ya sare shi, gero na yin kyau a gindinsa, awaki kuma na cin ƴaƴan. Na san wannan tun ina yaro amma yadda ya tona ƙasar gindin da sanda ya nuna mana baƙinta kusa da jan rairayin gefe, sai abin ya zauna min daban. Ya kuma nuna mana alamar inda ruwa ke kaiwa in damina ta yi kyau, can sama da inda muke tsaye, wannan wurin da munka taka ruwa ne a watan Agusta. Yanzu da ya janye an bi sawunsa da tumatir da albasa da zogale, ƙasar na riƙe da danshi. Korahinsa ɗaya, tun da anka yi dam a Jibiya ta wajen Katsina ruwan Gulbin Maraɗi ba ya zuwa kamar da, kuma yashi na cike tabkin a hankali. Gulbin dama daga Najeriya yake shigowa, ya ratsa ta nan ya sake komawa can ya haɗu da kogin Rima.

Sai maganar waliyyai 99 da ake cewa kaburburansu na kewaye da tabkin. Ya kai mu kusa da ɗaya, ya ce a yi sallama a rage murya. Kun san Maraɗi, wani zai ce ziyara wani zai ce bidi'a, ni ba wannan ya kai ni ba, mun yi wa mamata addu'a mun wuce. Amma wurin ba ƙaramin wuri ba ne a takarda, tun 2006 Nijar ta sa tabkin da gandun dajin Madarunfa da kaburburan cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, a 2019 kuma tabkin ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi. In kana tsaye wurin ba za ka ga alamar haka ba.

To nan ne inda zan rage maki. Babu allo ko guda da zai ce maka bi nan, hanyoyin shanu da na masu lambu sun sarƙe, in kai kaɗai ne sai ka tsinci kanka cikin albasar wani. Ban ga makewayi ba, mata su san da wannan kahin su taso. Wurin zama sai saiwar itace. Ledoji kuma, baƙar leda da ta piya wata sun maƙale a ƙaya duk gefen da ke kusa da gari, kuma mu masu zuwa yawo muna cikin masu zubarwa, na ga wasu samari sun ci kihi sun tashi sun bar komai nan. Rezon waya yana zuwa yana ɗaukewa. Sannan kowa ya san halin rashin tsaro da kudancin jihar Maraɗi ke ciki ta wajen iyaka da Najeriya, Baba da kansa ya ce iyakarmu bakin dajin, ba a nutsawa ciki kuma ba a kai magariba, ku ji maganar ƴan gari a kan wannan.

Lokaci mai kyau daga bayan girbi zuwa sanyi, Oktoba zuwa Janairu, ruwa na nan da yawa tsuntsaye sun zo rana ba ta da ƙarhi. In hazo ya sauko ka ɗauki rawani ko takunkumi. Afrilu da Mayu kar ka soma, zahi ya wuce digiri 40, ba tattaki ba ne wannan neman asibiti ne. Da damina kuma rabin hanyar ruwa ya cinye, ga sauro.

Ka zo da ruwanka a butali, amma kar ka cika ciki daga gida. Inda munka ƙare zagayen akwai mata masu suyar kihi, karhwasa da tarwaɗa da anka hiddo da safen nan, mai na tafasa a kasko ana barbaɗa yaji, wata a gefe da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Kawu da aka hana gishiri ya ce Hajiya sa min kaɗan, ta zuba mai yawa, ya kau da kai kamar bai gani ba. Mun saya ɗanye ma na gida, ya hi na kasuwar Maraɗi araha amma sai ka iya ciniki, suna ganin mota suke ƙara kuɗi.

In maki ne ina ba shi huɗu cikin biyar, ɗayan leda da rashin makewayi sunka cinye shi. Mai son zuwa ya bar Maraɗi bayan asuba, ya tanadi canji ƙanana don ɗan rakiya da masu kihi ba su da canjin jikka goma.