Gargaɗi ga masu a-kori-kura: bodin "alminiyam daga Ostireliya" damfara ce

Jama'a masu Hilux da sauran a-kori-kura, akwai wani da ke tallar bodin baya a Facebook da WhatsApp, irin shimfiɗaɗɗen nan mai ƙofofin gefe da ake saukewa. Wai na alminiyam ne, na hannu, daga Ostireliya. Wallahi ƙarya yake. Siririn ƙarfe ne aka fesa wa fenti ruwan azurfa. Naira miliyan 1 da dubu 800 ya karɓa a hannunmu. Miliyan 1 da dubu 800, a kan abin da mai walda na bakin titi zai haɗa maka da ƙasa da rabin haka, kuma ya fi shi ƙwari.

Kada wani ya zo nan yana cewa ba a duba ba. An duba. Mutumin ya san sana'ar, shi ya sa. Gaskiya ne a Ostireliya ana sayen motar da shasi tsirara a baya, mai ita ya zaɓi bodin alminiyam ko na ƙarfe a ɗora masa. Gaskiya ne ƙarfe ya kusa ninka alminiyam sau uku a nauyi. Duk ya faɗi wannan daidai. Sai ya ce, "Alhaji, ɗaga ƙofar gefen nan da hannu ɗaya ka ji." Aka ɗaga, sakayau. Maganar nan har yanzu tana kunnena.

Ga inda dabarar take. Fallen alminiyam mai kaurin milimita 3, mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, kilo 8 ne da 'yan kai. Na ƙarfe mai wannan kaurin kilo 23 da rabi. Amma ƙarfe mai milimita 1.2 bai kai kilo 9 da rabi ba. To hannun wa zai bambance kilo 8 da kilo 9? Ya lanƙwasa bakin fallen ya koma ciki, kaurin ba ya ganuwa. Mayen ƙarfe kuwa, mai kama ƙarfe amma ba ya kama alminiyam, shi da kansa ya zaro daga aljihu, ya ɗora a ƙofar baya, ya zame ya faɗi ƙasa. Ashe ƙofar bayan ce kaɗai alminiyam na gaske a duk bodin. Tun kafin wannan ma an riga an tura masa miliyan 1 da dubu 200 kafin alƙalami, bayan bidiyon da ya turo. Cikon dubu 600 ne aka ba shi ranar ɗagawar.

Ɗaurin ma yaransa ne suka yi bayan an bar musu motar. Ramukan noti ba su dace da shasin ba, sai suka kama ƙafafun bodin da waldar lantarki kai tsaye. Alminiyam ba ya kamuwa da ƙarfe ta irin wannan waldar, ko tsakaninsa da ɗan'uwansa alminiyam yawanci sai da injin walda mai iskar argon. Sun shafe wurin da baƙin fenti, sai ka kwanta ƙarƙashin mota da tocila za ka gani. Sandunan da ke riƙe da daɓen tazarar santimita 60 ya ba su. Buhun siminti 15, kilo 750 ke nan, abin da Hilux ke ɗauka ba gardama, sai daɓen ya lotsa tsakanin sanda da sanda kamar kwanon rufi da aka taka. Ruwan sama na taɓa shi jan tsatsa ya feso a bakin kowane noti. Alminiyam ba ya jan tsatsa, farin gari yake fitarwa, kuma shi ma ya fito a ƙofar bayan, inda ta haɗu da ƙarfe babu roba a tsakani.

Abin haushin, da ya ce ƙarfe ne da an saya da daɗin rai, in dai mai kauri ne. Mai ɗaukar bulo, tsakuwa ko rodi a hanyar ƙauye ƙarfe ya fi masa: in ya lanƙwashe a buga, in ya tsage kowane mai walda ya kama. Alminiyam girgizar hanya na tsaga shi a gefen walda, gyaransa sai babban gari. Amfaninsa rage wa mota nauyi ne ga mai kayan da ba sa dukan bodi, kuma a kan wannan aka biya miliyan 1 da dubu 800.

Lambarsa a kashe take, ya sauya sunan shafin. Hotunan hirarmu, risit ɗin banki da bidiyon daɓen duk suna nan, zan ɗora su da zarar an gama da 'yan sanda.

Ku je da mayen ƙarfenku, ku manna shi a daɓe, gefe da sandunan ƙasa. Ku auna kauri a ramin noti. Kada ku tura ko kwabo a kan bidiyo.