Rediyon Littafi Mai Tsarki mai caji da rana

Ƴar rediyon nan da aka ɗura Littafi Mai Tsarki da Hausa a ciki na saye ma Mama a wani shagon littattafai nan Sakkwato, tunda idonta bai ganin ƙananan rubutu yanzu. Muryar mai karatun garau take, ba ya sauri, kuma da ranar garin nan ai caji ba matsala ba ne.

Inda na ga gazawarta shi ne neman aya. Mama ta ji Ayuba sura 35 inda Elihu, wani mai magana da Ayuba, ke cewa zunubinka bai rage Allah da komai, adalcinka bai ƙara mai komai, ɗan'uwanka mutum abin ke shafa, sai ta ce to ya aka yi a Farawa 6 muguntar mutane ta ɓata ma Allah rai, Afisawa 4:30 kuma ta ce kar a ɓata ran Ruhu Mai Tsarki? Ni dai a ganina Elihu kan buƙata yake magana, Allah bai dogara da mu ba, amma ƙauna na jin zafi. Munka so mu jera wuraren mu saurara, sai danne-danne, maɓallin sura-sura yake tsallakewa, babu zuwa aya kai tsaye.

Don saurare zalla rediyon ta yi, mai nazari ya haɗa da na takarda. Sifikar ma tana ɗan ƙara in an ƙure murya.