Masauki a bakin tafkin Bosomtwe, amma babu ruwan alwala

Tun da hotunan wannan ƙaramin masaukin suka fara yawo a rukunonin WhatsApp na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi, mutane ke ta tambaya ko ya kai kuɗin da ake biya. Ba zan kama sunansa ba, ɗaya ne daga cikin masaukan da ke bakin tafkin, kuma duk wanda ya taɓa neman ɗaki a can a ƙarshen mako ya san yadda farashinsu yake. Ɗaki biyu muka kama, daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi, aka tura rabin kuɗin ta MoMo, wato ta waya, tun ranar Talata kamar yadda suka ce.

Zaɓen wurin dai babu kuskure a ciki. Ga mutumin Kumasi da ke da kwana biyu kacal, Bosomtwe ya fi ko'ina dacewa, domin tafiyar kilomita 30 ce da 'yan kai. Ana bin Lake Road ta Atonsu da Esereso da Jachie har Kuntanase, daga nan a gangara Abono. Mai shiga motar haya ya hau trotro zuwa Kuntanase, ya canza tasi. Abin da ke cin lokaci cunkoson Atonsu ne. Wanda ya fito daga masallacin Juma'a ya tsaya cin abinci da haɗa kaya har bayan la'asar, to ya shiga cikin masu tashi daga aiki, tafiyar awa ɗaya ta koma biyu. Rana kuma a nan ƙarfe shida take faɗuwa kusan duk shekara, gangaren Abono ba wurin da za a so bi da duhu ba ne. Ko dai a tashi ƙarfe biyu da rabi ranar Juma'a, ko a bari sai Asabar bayan sallar asuba, kafin masu zuwa makoki su cika hanya, tunda Asabar ce ranar makoki a ƙasar Asante.

Gangaren nan a kula da shi. Tafkin a cikin rami yake, ramin da wani dutse daga sararin sama ya haƙa da ya faɗo shekara miliyan ɗaya da ɗoriya da suka wuce. Faɗin ramin ya kai kilomita 10 da rabi, ruwan kansa kamar kilomita 8, tuddai sun kewaye shi ta ko'ina. Mai mota ya sa ƙaramar giya ya bar inji ya riƙe ta. Wanda ya ɗora ƙafa kan birki tun daga sama har ƙasa zai ji ƙaurin birki kafin ya isa, kuma birkin da ya yi zafi ba ya kamawa yadda ya kamata. Akwai shingen karɓar kuɗin shiga kafin Abono, a riƙe canji a hannu.

Daren farko ba ni da abin cewa sai alheri. Ɗaki a share, gidan sauro babu huda, fanka na aiki. Da sassafe ana ganin masunta zaune a kan katakon nan da suke kira padua, suna tuƙi da hannu, domin al'adar wurin tun da can ba ta yarda a sa jirgin ƙarfe a ruwan ba. Mutanen Asante na girmama tafkin ƙwarai, a 2016 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu. An soya mana ƙananan karfasan tafkin da barkono da dokunu. Da a ce safiyar Asabar muka tafi gida, da na ce kowa ya je.

Ƙarfe huɗu na yammacin Asabar wuta ta ɗauke. Wannan ba laifin masauki ba ne, dumso, wato yawan ɗauke wuta, ba baƙonmu ba ne. Dab da magariba aka buɗe famfo za a yi alwala, ya yi tari sau biyu, ya zubo da ruwa ja mai laka kamar cikin kofi, ya tsaya. Ɗaya ɗakin ma haka. Daga lokacin har ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Lahadi babu ɗigon ruwa a famfo, babu a shawa, babu a tankin masai. Awa goma sha bakwai, da yara ƙanana da dattijuwa a cikin tafiyar, ga zafin kwarin nan mai ɗauke da gumi wanda ya fi na Kumasi. Yadda raina ya ɓaci ba ya faɗuwa, kuma abin da ya fi ɓata shi shi ne matsalar ba ta fi ƙarfinsu ba ko kaɗan.

Ga yadda tsarin ruwansu yake, na zaga baya na duba. Rijiyar burtsatse ɗaya ce, da injin jan ruwa mai ƙarfin doki ɗaya a cikinta. Yana tura ruwa zuwa baƙin tanki guda mai lita 2,000 a kan ƙarfe, daga nan ruwan ke gangarowa ɗakuna da nauyinsa. Ɗakuna takwas ne, ran nan duk a cike, mutum ashirin ko fiye. A yi lissafi: jan masai sau ɗaya lita 6 zuwa 9 ne, wanka da bokiti kamar lita 15 zuwa 20, da shawa ya fi haka, ga alwala sau biyar, ga waɗanda suka fito daga iyo suna ɗauraye jiki. Ko an ce kowa lita 70 a wuni, an riga an tashi lita 1,400 ba a sa kicin da wankin zanen gado ba. Wato tankin, ko da a cike yake fal, wuni ɗaya zai yi. Kuma ba a cike yake ba, domin babu na'urar da ke tayar da injin da kanta idan ruwa ya sauka. Mutum ne ke kunnawa da hannu idan ya tuna. Ran Asabar an yi wanki da safe, ba wanda ya kunna, wuta tana nan har ƙarfe huɗu. Awa biyu ta isa a cika tankin nan. Awa biyu!

To, ga janareta, me ya hana? Da aka kira su muna kama ɗaki sun ce akwai janareta, kuma ba su yi ƙarya ba, akwai shi. Ƙarami ne, ƙarfin 2.5 kVA aka rubuta a jikinsa. An ɗora masa fitilu da fankoki da firiza da firijin lemo. Injin ruwa mai doki ɗaya idan yana gudu wutar da yake ci ba ta da yawa, amma a daidai lokacin tashi yana fizgar ninki uku ko fiye. Duk sanda yaron masaukin ya danna makunnin injin, janareta ya yi nishi, fitilu su dushe, sai ya katse. Sau uku aka yi haka, manaja ya ce injin ruwa ne ya lalace, sai makaniki ya zo daga Kuntanase da safe. Inji lafiyarsa ƙalau. Abin da ake yi shi ne a kashe komai, firiza da fanka da fitila, a bar janareta ya yi minti biyu yana gudu babu kaya, a tayar da injin ruwa shi kaɗai, a jure duhu na awa ɗaya ruwa ya hau. Na gaya wa manajan haka. Ya ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, idan na kashe firiza kifi zai lalace.” Firiza da ke rufe ba ta narkewa a awa ɗaya, duk mai sayar da ƙanƙara a zango ya san wannan. Bai yarda ba.

Washegari wuta ta dawo wajen ƙarfe tara, inji ya tashi ba tare da makaniki ya taɓa shi ba, amma ɗakunanmu ba su ga ruwa ba sai sha ɗaya. Dalili: tankin da aka bari ya ƙafe ƙaf, iska ke shiga bututu ta tsaya a inda ya yi gwiwa, ruwa mai gangarowa da nauyinsa kuma ba shi da ƙarfin ture ta. Sai an buɗe duk famfuna, an fara daga na ƙasa, an bari sun gama tarinsu. Lakar da ta kwanta a gindin tanki ita ma ta biyo, ta toshe ramukan kan shawa, sai da aka kwance shi aka wanke. Wanda ya samu kansa a irin wannan ya kashe hitar banɗaki tun farko, domin idan wuta ta dawo babu ruwa a cikinta ƙonewa take yi, kuma ba na shakkar a kan baƙo za a ɗora kuɗin.

Za a ce ga tafki a gabanku. An ɗebo, da shi aka kora masai, kuma ruwan tafki ya halatta a yi alwala da shi. Amma na gefen gaɓa, inda aka wuni ana iyo da wanki, ya gurɓace da laka, tafkin kuma ba shi da mafita, ruwan sama da ƙoramu ke shiga, babu kogin da ke fita. Ba ruwan da za a wanke bakin yaro da shi ba ne. Da ruwan leda aka yi alwala da tsarki, jaka biyu, a kantinsu, a farashinsu. Ba su da ko duro ɗaya na ajiya. Duro biyu masu lita 200 a bayan kicin da sun rufa musu asiri.

Gaskiya dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Yaron da ke aikin ɗakuna ya yi ta jigilar bokiti daga gaɓa har bayan isha'i, babu ɓata fuska, ya kuma samo wa dattijuwarmu ruwan zafi daga kicin da ragowar da ke tukunya, yana ta “Maame, sannu”. Matar da ke girki da aka tambaye ta batun nama ta faɗi gaskiya cewa ba ta san wanda ya yanka kajin ba, ta ce mu tsaya kan kifi da ƙwai, ta kuma soya mana a kaskon da ta wanke a gabanmu da sabon mai. Irin wannan amanar ba ko'ina ake samunta ba. Saboda su biyun na so in ce masaukin ya ci rabin maki.

Mai niyyar zuwa kowane masauki a bakin tafkin, kafin ya tura ko sidi ɗaya, ya kira ya yi tambayoyin da hoto ba ya amsawa. Tanki nawa ne, lita nawa, ɗaki nawa ke sha daga ciki? Janaretan yana ɗaukar injin ruwa tare da sauran kaya, ko fitila da fanka kawai? Daga Abono zuwa ƙofarku kwalta ce ko jar ƙasa, ƙaramar mota na shiga idan an yi ruwa? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci daga Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba da Oktoba, domin hanyoyin da ke zaga tafkin zuwa sauran ƙauyuka ba irin ta Kuntanase ba ce. A sa su rubuto amsar a WhatsApp. A tafi da buta da darduma da tocila da jakar ruwan leda biyu a but ɗin mota. Alƙibla daga nan gabas ce a ɗan karkata arewa, a duba tun ana sama, domin sabis na waya a cikin kwarin yana zuwa yana tafiya. Mai son shiru ya guji 6 ga Maris da Litinin ɗin Ista da 26 ga Disamba, ranakun da Abono ke cika da motocin 'yan shaƙatawa da manyan lasifika. A hunturu kuma hazo kan rufe tuddan, rabin kyan wurin ya tafi.

Wanda ba dole sai ya kwana ba yana da zaɓi. Dajin Bobiri ta Kubease, a hanyar Ankara (Accra) bayan Ejisu, akwai malam-buɗe-littafi iri kusan 400, an fi ganinsu da hantsi idan rana ta fito, a dawo ta Bonwire a ga masaƙan kente, a yi la'asar a gida. Gandun dajin Owabi ma kusa yake. Magangarar ruwan Kintampo da birran Boabeng-Fiema suna da kyau, amma ta Techiman ake bi, tafiya da dawowa sun cinye wuni guda, ba na kwana biyu da yara ba ne. Shi kansa Bosomtwe ana iya zuwa da safe a dawo da yamma, kuma yanzu shawarar da zan ba mai iyali ke nan.

Rabin makin nan ma na janye shi da aka zo biyan kuɗi. An miƙo takarda da cikakken kuɗin kwana biyu, ba a rage ko pesewa ba, an kuma ƙara kuɗin man janareta a kan kowane ɗaki, abin da ba a ambata ba lokacin da ake karɓar MoMo. Janaretan da bai kawo ruwa ba. Jakunkunan ruwan leda biyu ma suna ciki. Da aka yi magana, manaja ya ce mai wurin ba ya nan, shi ba shi da ikon ragi, za a kira mu ranar Litinin. An cire kuɗin man bayan doguwar jayayya, sauran an biya. Yau mako uku ke nan babu wanda ya kira, saƙo biyu da aka tura an karanta ba a amsa ba. Wani maƙwabci da ya je makon jiya na roƙe shi ya leƙa bayan kicin, ya ce tankin dai ɗaya ne har yanzu, kuma bai ga duro ba.