Busasshen ganyen qinghao na ƙasar Sin: me ke cikin ledar?

Ana sayar da shi a leda ko a ƙananan jakunkunan shayi, an rubuta qinghao ko Artemisia annua a jiki. Daga wannan ganye ne Tu Youyou, masaniyar kimiyya 'yar ƙasar Sin, ta ciro sinadarin artemisinin mai maganin maleriya a 1972, aikin da ya sa ta samu kyautar Nobel a 2015. Masu talla ba sa gajiya da ambaton haka, kuma gaskiya suka faɗa.

Kafin ka biya kuɗi, duba ganyen. Na ainihi kore ne, yankakke siriri-siriri kamar ganyen karas, yana da ƙamshi mai ratsa hanci idan an murza. Idan ka ga fari-fari mai gashi, ga ɗaci kamar maɗaci, wani ɗan'uwansa ne daban. A nan ake ruɗuwa, domin sunan tazargade a kasuwanninmu ya haɗa ire-ire fiye da ɗaya. Wanda aka niƙa ya zama gari kuwa babu yadda za a tantance shi da ido, gara a bar shi. Haka wanda ya koma ruwan ƙasa ko yake warin rima, zafi da laima sun riga sun cinye ƙarfinsa.

Masu maganin gargajiya a Sin suna amfani da giram 6 zuwa 12, kuma sai dab da sauke tukunya suke zuba shi, don doguwar tafasa tana lalata sinadarin.

Inda kayan ya gaza shi ne maleriya. Artemisinin ɗin da ke cikin ganyen kaɗan ne, yana bambanta daga gona zuwa gona, kuma ba ya narkewa sosai a ruwa. Zazzaɓi zai iya sauka, mutum ya ɗauka ya warke, alhali ƙwayoyin cutar na nan cikin jini. Bayan kwanaki su dawo. Ƙwayoyin cutar da suka tsira ɗin su ne ke koyon jure magani. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda da shayin ba. Wanda gwaji ya nuna maleriya ya sha ACT, wato haɗin maganin maleriya na asibiti mai ɗauke da artemisinin, na kwana 3, ya shanye duka.

Mai juna biyu, ƙaramin yaro da mai ciwon hanta kada su sha. A New Zealand an samu rahoton lalacewar hanta ga masu shan kafson da aka tato daga ganyen, har hukuma ta yi gargaɗi a 2018. Ledar da ba ta da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a mayar wa mai shago.